Kiredin banki don ajiyar albasa a Tahoua, yadda na same shi

Salama alaikum ƴan uwa. Tunda mutane sunka ji na ɗauki kiredi banki na sayi albasa na ajiye tambaya ba ta ƙarewa, wasu a kasuwa wasu a waya, ko abin ya yi ko ko wahala ce kawai. To ga amsa tun daga farko don wanda ba shi da lokacin karatu mai tsawo: in kana da takardar gida mai ƙarfi kuma kana da wata hanyar shigar kuɗɗi banda albasa, sabis ɗin zai yi maka amfani. In kuwa albasar ce kaɗai abin hannunka to ka zauna ka yi lissafi sosai kafin ka sa hannu, don yadda sunka tsara biyan bai dace da yadda albasa ke kawo kuɗɗi ba. Sunan bankin ba zan faɗa ba, ɗaya ne cikin waɗanda ke da ajans nan cikin garin Tahoua, kuma abokai da ke hulɗa da wasu bankunan sun ce min kusan duk tafiyar ɗaya ce.

Ga wanda bai san sana'ar ba. Albasar rani ana cire ta wajen Maris da Afrilu, Galmi, Tsernawa, Madawa, Tamaske, duk a lokaci guda, kasuwa ta cika farashi ya faɗi ƙasa saboda manomi yana da bashin taki da bashin esans na injin ban ruwa a wuyanshi, dole ya saida ko nawa ne. Wanda ke da kuɗɗi a hannu wannan lokacin sai ya saya ya zuba rudu, wato bukkar ajiyar albasa, ya jira damana ta wuce, daga Satumba zuwa Disamba albasa ta yi wuya kamiyo-kamiyo na ɗauka zuwa Kumasi da Akara da Abijan, buhu ya ninka kuɗɗinshi wani lokaci har fiye. Amma tsakanin nan wata ta ruɓe wata ta tsiro wata ta bushe ta rage nauyi, buhun da ka zuba ba shi kake kwashewa ba. Ribar tana nan, haɗarin ma yana nan, kuma duk sana'ar ta tsaya ne kan abu guda, kuɗɗi su zo hannunka cikin ƴan makonnin da albasa ke da araha.

Buɗe konti ba matsala, wannan in na ce akwai wahala na yi musu ƙarya. Katin ɗan ƙasa, hoto, ka cika takarda, shi ke nan, ba su karɓi ko dala ba na buɗewa, kuma ashe doka ce tun 2014 BCEAO, babban bankin ƙasashenmu na sefa, ta jera wasu ayyuka da banki ba shi da ikon cajin mutum a kansu, buɗe konti da rufe shi na ciki. Ma'aikatan gishe suna jin Hausa kuma suna yi da kai ba tare da nuna maka kai baƙauye ne ba, wanda ni wannan yana da girma wurina don mun san wuraren da in ba ka iya faransanci ba sai a bar ka tsaye. Layi dai ƙarshen wata sai haƙuri, ranar da albashin ma'aikata ya sauka kar ma ka tahi, kuma rezo yana yawan ɗaukewa.

Inda aikin yake shi ne dosiye. Sun nemi NIF, wato lambar mai biyan haraji, sun nemi rajistar kasuwanci, sun nemi shaidar biyan haraji, waɗannan ina da su saboda shagon da nake da shi. Sai ajan ɗin da anka haɗa ni da shi, yaro ne matashi mai ladabi, ya buɗe tarihin kontina ya ce min Alhaji ka ce kana juya miliyoyi a shekara amma nan ban ga sun wuce ba. Na ce ƙanena ai mu kuɗɗinmu hannu da hannu ne, wanda ya sayi kaya Gana ta kamfanin aika kuɗɗi, Nita ko Amana, yake aikowa ko ya ba direba, in karɓa in miƙa wa manomi nan take. Ya ce ya sani, shi ma ɗan Adar ne, amma waɗanda za su yanke hukunci Yamai ba su san ni ba, abin da ya bi ta konti kawai suke gani. Wannan magana ku riƙe ta, duk mai niyyar neman kiredi wata shekara ya fara zuba cinikinshi konti tun yanzu ko da zai cire washegari, don wannan shige da ficen shi ne shaidarka.

Sannan garanti. Nan ne mafi yawan mutanenmu ke komawa gida. Gona ba su karɓa in takardar gargajiya ce ta hannun maigari, albasar kanta da ke cikin rudu ba su lissafa ta a bakin komai, abin da suke so gida ko fili cikin gari mai titir fonsiye, wato cikakkar takardar mallaka ta gwamnati, ko aƙalla takardar sayen fili ta meri wadda za a iya maida ta titir. Sai a turo mai ƙiyasta darajar gidan ka biya shi, a tahi wurin notar a rubuta jinginar ka biya shi, a yi maka inshorar rai don in ka mutu bashin kar ya faɗa kan iyali ita ma ka biya. Duk wannan kafin ka ga ko jika ɗaya ta kiredin. Kuma kuɗɗin da za su ba ka ba ya kai darajar gidan, suna barin rata mai yawa saboda sun san in abu ya ɓaci sayar da gidan mutum ta hanyar kotu yana ɗaukar shekaru kuma ba ya kawo kuɗɗinshi, wa zai fito fili ya sayi gidan maƙwabcinshi da banki ya karɓe a garin da kowa ya san kowa.

Akwai wata takarda da sunka ba ni in sa hannu, ta yardar a duba sunana wurin ofishin tattara bayanan bashi, wanda kamfanin Creditinfo ke riƙe da shi tun 2016 don duk ƙasashen UEMOA, ƙungiyar ƙasashen sefa na Afirka ta yamma. Ma'anarta in ka taɓa cin bashin wani banki ko wani asusu ka ƙi biya, ko Maradi ne ko Kwatano, zai fito. Na so wannan tsari ƙwarai, don da can mutum guda sai ya ci nan ya ci can ya ɓace, mu masu biya a ɗora mana tsadar.

Babban laifin da na kama su da shi jinkiri ne. Ajans ɗin Tahoua ba ta da ikon amincewa da kuɗɗi masu kauri, dosiye sai ya tahi Yamai wurin kwamitin bashi, can a ce takarda kaza ta rage a maido, a sake aikawa, kwamitin bai zauna wannan mako ba. Ni na kai dosiye albasa tana gona ba a fara cira ba, kuɗɗi sunka sauka konti ana kusa da ƙare kakar, farashin buhu ya riga ya ɗaga kuma mai kyan ta riga ta shiga rudun wasu. Abin da na lissafa zan saya ban samu ba sai ƙasa da haka. Ga mai saida siminti ko shinkafa jinkirin wata guda ba komai ba ne, ga mai albasa kuwa rabin ribar ke nan ta tahi, kuma abin da ya fi ɓata min rai ba wanda ke kiranka ya ce ga inda dosiyenka ya tsaya sai kai ka yi ta zarya.

Da zafin ya yi min yawa na tambayi shef na ajans ɗin, dattijo ne, na ce ranka ya daɗe kuɗɗi na cike da banki mi ya sa kuke wahalar da mu haka. Ya zaunar da ni ya yi min bayani, kuma daga baya na bi na ƙara tambayar wani ɗan ƙanwata da ya karanci harkar a jami'a, maganarsu ta zo ɗaya. Kuɗɗin da banki ke ba ka ba nashi ba ne, na malamin makaranta ne da albashinshi ke ciki, na Hajiyar da ke tara kuɗɗin Makka, na ɗan ci-rani da ke aikowa daga Libiya ko Kodebuwa. Nashi na kanshi, wato jarin masu hannun jari da ribar da ya tara, ɗan kaɗan ne a kan wancan. Shi ya sa hukuma ta ce duk bashin da ka bayar sai ka ajiye wani kaso na jarinka a bayanshi. Tun 1 ga Janairun 2018 ƙasashenmu takwas na sefa sunka shiga sabon tsarin da ake kira Basel na 2 da na 3, da can kashi 8 cikin 100 ne, anka dinga ɗagawa sannu-sannu har ya kai kashi 11.5. Wato in banki ya ba ƴan kasuwa bashin miliyon 100 mai cikakken haɗari, sai ya zamana yana da miliyon 11 da rabi na kanshi a tsaye, in ba shi da su to ko ajiya ta cika mashi akwati ba shi da ikon ƙara bada bashi. Hukumar da ke sa ido kan bankuna tana Abijan, tana turo masu bincike, kuma tana da ikon hukunta banki har ta karɓe mashi lasisi.

Ni da na ji haka sai na gane shi da rudu. In ka karɓi albasar mutane ajiya ka haɗa da taka kaɗan, ka yi alkawarin maida wa kowa buhunshi cif, to duk wadda ta ruɓe daga cikin taka za a cire, in ruɓewar ta wuce taka ka shiga ta mutane ke nan. Bashin da ba a biya ba haka yake ga banki. In mutum ya wuce kwana 90 bai biya ba, ko 180 ga ƙananan kamfanoni, doka ta tilasta a fidda bashin daga layin masu lafiya a sa shi cikin masu shakka, banki ya fara ware kuɗɗi daga ribarshi yana rufe ramin kashi-kashi har ya rufe duka, ko da gidanka yana jingine hannunshi. Riba ta ƙare a shiga jari, jari ya ragu ikon bada bashi ya ragu. To ka ga bashi guda na miliyon 10 da ya lalace yana iya cinye ribar bashi goma ko fiye masu lafiya, don abin da ke rage wa banki a kan kowane bashi bayan ya biya ma'aikata da haya da ruwan masu ajiya ba shi da yawa. Ajan ɗin ma ya gaya min a kan haka ake auna aikinshi ƙarshen shekara, ba yawan kuɗɗin da ya raba kaɗai ba, nawa sunka dawo.

Kuma mu ƴan Nijar ba sai an ba mu labarin wata ƙasa ba. Manyanmu sun ga abin da ya faru da BDRN, bankin da ya fi kowane girma a ƙasar nan, anka yi ta bada bashi da sanayya da waya daga sama ba a biya, kuɗɗin uraniyom ya faɗi, a 1990 anka rufe shi, a kan abin da ya rage anka kafa SONIBANK. Asusun bashin noma na ƙasa CNCA shi ma haka ya tahi tun kafin nan. Mahaifina har ya rasu bai yarda da banki ba saboda abin da ya ga ya samu abokanshi a lokacin, mutane da kuɗɗinsu sunka yi shekaru suna bin takarda. Saboda haka ni ba na cikin masu cewa a sassauta doka a raba kuɗɗi, wanda ya ga wancan zamani ba zai ce haka ba. Ƙarshen 2023 ma ministocin kuɗɗi na ƙasashen sefa takwas ɗin sun ɗaga mafi ƙarancin jarin kafa banki daga miliyar 10 zuwa miliyar 20, sunka ba waɗanda ke aiki wa'adin shekara uku su cika, kuma akwai dokar da ta hana banki ɗora wa mutum guda ko kamfani guda abin da ya wuce rubu'in ainihin jarinshi, don kar Alhaji ɗaya ya faɗi ya ja kowa.

Amma akwai wani gefen lissafin da shef bai fara faɗa min ba sai ɗan ƙanwata. In banki ya ba gwamnati rance ta hanyar takardun baitulmali da ake saidawa kasuwar UMOA-Titres, a lissafin jarin nan haɗarin sifiri ake sa mashi, ba ya buƙatar ajiye komai a bayanshi, ba notar ba zuwa ƙauye ba bin mutum, kuma ruwan da gwamnatocinmu ke biya ba kaɗan ba ne. To ka sa kanka matsayin darekta, ga miliyar guda, ka ba gwamnati da sa hannu ɗaya ko ka raba wa masu albasa ɗari biyu kowa da dosiyenshi da haɗarinshi? Nan na gane dalilin da ya sa ba su damu su gyara mana sabis ɗin ba, mu ba mu ne abincinsu ba, ma'aikacin gwamnati mai albashi da ke sauka konti kowane wata da baitulmali su ne. Wannan yana min ciwo gaskiya, jihar da albasarta ta yi suna Afirka ta yamma duka, amma kuɗɗin da muke ajiyewa nan Tahoua mafi sauƙin hanyarsu ita ce su tahi Yamai.

Abin da nake ƙorafi a kai ba tsaurin ba ne, inda suke kallon haɗarin ne. Sun kalli gidana sun kalli kontina sun kalli shekaruna, ba wanda ya tambaye ni albasar wa zan saya. Alhali duk mai sana'ar ya san wadda anka cika wa takin ure tana da girma da kyan gani amma ba ta kai damana sai ta zube ruwa, wadda ba a yanke wa ban ruwa ba kafin cira ita ma haka, wadda anka yanke wa wuya tun ganyen bai kwanta ba cuta ke shiga ta nan. Rudun kanshi ko iska na ratsa shi, ko rufin na yoyo, ko ana shiga ana tsince ruɓaɓɓa kafin ta shafi sauran. Waɗannan su ne ke nuna ko zan biya ko ba zan biya ba, ba titir ba, titir sai bayan komai ya lalace yake aiki. Ajan ya zo wurin ajiyar ya ɗauki hoto da waya ya koma, ban ga laifinshi ba don ba a koya mashi ba, amma bankin da ke zaune tsakiyar Adar ya kamata ya ɗauki ko mutum guda da ya san noma. Kuma ba sabon abu nake nema ba, tsarin warantaj ya daɗe ƙasar nan, manoma na zuba hatsi ko wake magaza a sa kwaɗo biyu, mabuɗi ɗaya hannun ƙungiya ɗaya hannun asusu, a ba su bashi a kan kayan. Na san albasa ta fi gero wuyar ajiya nesa ba kusa ba, amma ana iya ba da rabin darajarta a bar sauran don ruɓewa. Akwai kuma masu tsaya wa mutum garanti, asusun gwamnati FISAN na nan don harkar noma, Asusun haɗin kan Afirka FSA ma hedkwatarshi Yamai take, amma a gishe ba wanda ya ambata min su sai da ni na tambaya.

Tsada. Ruwan da anka rubuta gaban kwantiragi ya ɗan haura kashi 10 a shekara, amma kar ka tsaya nan, ka ce a nuna maka TEG, shi ne ya haɗa ruwan da kuɗɗin dosiye da inshora, nawa da anka haɗa ya matso kusa da iyakar doka. Iyakar nan a 2014 anka sauke ta daga kashi 18 zuwa 15 ga bankuna, daga 27 zuwa 24 ga asusun ƙananan rance. Misali don ka riƙe a kai, miliyon 5 a kan kashi 12 na wata tara ruwanshi jika 450 ne in a ƙarshe za ka biya gaba ɗaya, sai ka ɗora haraji da notar da mai ƙiyasi. In shekara ta yi kyau albasa na ɗaukar wannan ba tare da ta ji ba. In ka kwatanta da kuɗɗin gaba da manyan masu saye ke ba mutum su ɗaure mashi farashi tun albasa na gona, banki ya fi sauƙi nesa, aƙalla kayanka naka ne ka saida wa wanda ka ga dama. Abin yabo, duk abin da sunka cire yana rubuce, ban ga wani caji na ɓoye ba kuma ba wanda ya nemi in ba shi na goro don dosiye ya wuce.

Maganar riba na san tana zuciyar da yawa cikinmu, tawa ma tana ciki, kuma ba ni ne zan ba kowa fatawa ba, kowa ya zauna da malaminshi. Abin da zan ce akwai Bankin Musulunci na Nijar kuma wasu bankunan sun buɗe tagar murabaha inda su ke sayen kayan su saida maka da ribar da kunka yi yarjejeniya, BCEAO ta fidda ƙa'idojin wannan a 2018. Amma ka sani su ma garanti da dosiye da kwamiti duk suna nan, dokar jari ɗaya ce a kansu.

Sai jadawalin biya, wanda shi ne ya kusa karya ni. Albasa na kwance rudu ba ta kawo ko dala har wata biyar ko shida, su kuwa tsarin injinsu biya kowane wata. Na roƙi a jinkirta min farkon biya har Oktoba, sunka ba ni ɗan jinkiri da bai kai nan ba, saboda haka duk damana daga cinikin shago nake cike eshiyans, wato biyan kowane wata, lokacin da shi kanshi shagon ciniki ya ja baya don mutane na gona. Wanda ba shi da shago fa? Dole ya buɗe rudu a Yuli ya saida da araha don ya biya banki, wato kiredin da ya ɗauka don ya jira farashi shi ne zai hana shi jira. Kuma abin mamaki wannan ya fi ƙara wa bankin haɗari, don da sun bari a biya dunƙule Nuwamba da mutum ya biya cikin sauƙi, amma sun matsa mashi lokacin da ba shi da shi sai ya faɗa layin kwana 90 ɗin nan da suke tsoro. Na faɗa wa shef haka ya ce ya yarda amma tsarin daga Yamai yake zuwa.

Inda sunka burge ni kuma, ajan ɗin yakan kira ni kafin ranar biya ya ce Alhaji ranar kaza ce fa a shirya, ba ya jira in makara ya zo da tara. Wani abokin sana'armu da kamiyonshi ya makale hanya, don tun takunkumin da anka sa wa ƙasar nan ƙarshen Yulin 2023 hanyar Benin ta toshe, ko da anka ɗage takunkumin a Fabrairun 2024 iyakar ba ta buɗe ba, kaya sai su bi ta Burkina cikin ayari da rakiyar soja ana jira kwana da kwanaki albasa na dahuwa cikin tampol, shi da ya tahi da kanshi tun kafin ranar biya ya faɗi gaskiya sun sake tsara mashi bashin sun tsawaita. Ba don tausayi kaɗai ba, su ma ya fi musu sauƙi da a ce bashin ya lalace, amma dai sun saurare shi. Wanda ya kashe waya ya ɓuya kuwa shi ne ke ganin husiye, mai karɓo bashi da ikon kotu, ƙofar gida. Lokacin takunkumin nan kowa ya tuna yadda ake ƙayyade abin da za ka cire a rana, kuɗɗinka ne amma sai layi, wannan ya koya min kar in bar duk abin hannuna wuri guda, kuma ku sani asusun lamunin ajiya na ƙungiyar in banki ya faɗi abin da yake maida wa mutum iyakarshi miliyon 1 da jika 400, a asusun ƙananan rance jika 300. Mai kuɗɗi da yawa ya tambayi lafiyar bankinshi, suna buga lissafinsu na shekara, ka sa ɗanka mai karatu ya duba maka ko riba sunka ci ko faɗuwa da yawan bashin da ya makale musu.

Na biya duka na ƙare, sun sake min takardar gida bayan ɗan bin sawu wurin notar, kuma yanzu da sunana ya fito da tarihin biya mai kyau sun ce dosiye na gaba ba zai yi nauyin na farko ba tunda jinginar da ƙiyasin an riga an san su. Bana zan sake nema amma da sharaɗi. Mun haɗu mu kaɗan masu rudu wuri guda za mu rubuta takarda da sunan ƙungiya, mu nemi biya guda a Nuwamba, mu nemi su turo wanda zai riƙa duba kayan kowane wata mu mu biya kuɗɗin zuwanshi, shef ya ce in mun kawo a rubuce zai tura sama da goyon bayanshi. Dosiye kuma tun Disamba za mu kai shi don kuɗɗi su sauka kafin a fara cira, wanda ke Tamaske ko Keita ko Badagishiri da ke son shiga ya fara haɗa NIF da rajistarshi tun yanzu, su ne ke cin lokaci.